Ƙirar Suruki

Assalamu alaikum, masu bin labarin nan. Wanda yau ne zuwansa na farko ya matso, ba zan bar shi a baya ba. Ni ce Gumsu, 'yar Zarami maƙeri, a unguwar Hausari nan Potiskum. Wanda ya saba jin ina zuba ina dariya, yau ya yi haƙuri, babu. Wutar maƙerar Babana ta mutu, wutar da tun ina rarrafe ban taɓa tashi da safe na tarar babu hayaƙinta ba, kuma wanda ya kashe ta shi ne mutumin da nake turara lafayata saboda shi. Ban zo neman a rarrashe ni ba. Ku dai saurara, in na gama kowa ya faɗi abin da ya gani.

Kun san yadda gyaɗa ta yi daraja a wannan zamani na Turawa. Da can turmi muka sani, a zuba, a daka, a sheƙe, a kai sikeli. Sai masu awo suka tsiro da sabon salo, wai tsabar da ta karye ba sa so, lafiyayya suke nema. Ana cikin haka kamfanin Mai Tsani ya kawo injin ɓarar gyaɗa. Mu muka sa masa Mai Tsani, saboda hoton ɗan tsani da ke jikin duk kayansu, sunansu na gaskiya kuwa harshe ba ya ɗaukarsa. Injin ba wani abin tsoro ba ne. Kwami ne na ƙarfe mai rariya a ƙasa, da dogon hannu da ake kai da kawo da shi, a gindin hannun akwai haƙoran ƙarfe da wani noti da ake murɗawa a matse ko a sassauta. Ga tsada, ga haƙoran nan da sun ci kaka ɗaya sai su fara zubewa.

In ya lalace ina za a kai shi? Wurin Baba. Tun yana gyara yana gyara, har wani manomin Nangere ya ce masa, "Zarami, kai da ka san cikinsa da bayansa, ƙera mini sabo mana." Baba ya ƙera. Shi kuma mutum ne da in ka ba shi abu ka ce ya yi irinsa, to irinsa zai yi, ba ragi. Har ɗan tsanin nan sai da ya zana a gefe, a ganinsa cikar aiki ke nan. Kafin ka ce kwabo jakuna sun fara layi a ƙofar gidanmu, Inna ta daina auna mai da cokali.

Ranar da na fara ganin Malam Abdulsalam, kunun tsamiya na kai wa Baba maƙera. Wani tsohon zanen saƙi ne a jikina duk toka, kitsona ya kwana biyu, ƙafata ko takalmi babu. Shi kuwa ga shi tsaye da kekensa mai ƙararrawa, farin kaftani a goge, hula zanna, agogo a hannu, alƙalami a aljihu. Akawun Mai Tsani ne, iyayensa Kanawa, fatauci ya kawo su garin nan. Ya tsura ido wajen da nake. Injin da Baba ya jingine a bayana yake kallo, ni kuma na ɗauka ni ce. Ku yi dariyarku, na yafe.

Washegari Ya Kaka dillaliya ta faɗo gidan. Ita ce wayar tangarahon unguwarmu, duk saƙon da bai bi ta bakinta ba to bai isa ba. Ta sauke ƙullinta, ta zaro sabulu mai ƙamshi da ɗan madubi mai murfi.

Inna ta ce, "Ya Kaka, yau ba ranar saye ba ce."

"Wa ya ce saye? Saƙo ne. Akawun Mai Tsani ya ce a gai da mai kunu."

Inna ta dube ni, ni na dubi ƙasa.

"Akawu? Ya san nan gidan maƙera ne?"

"Ya sani sarai. Ya ce shi hayaƙi ba ya sa shi tari."

Ku da ba 'yan nan ba, ba za ku ji nauyin tambayar Inna ba. A wajenmu kowa na son fartanyar maƙeri, amma ba kowa ke son 'yarsa ba. Mu a junanmu muke aure tun kakanni. To yau ga mai alƙalami a aljihu yana gai da mai kunu. Ranar Inna ta wuni tana waƙa a gindin murhu, Kawu Bubayaro, ƙaninta da ke sayar wa Baba kaya a kasuwa, ya zo ya ce mini, "Ke Gumsu, ki riƙe shi da kyau. In kika yi masa halin nan naki na baki, ni da ke ne."

Ba sai an gaya mini ba. Na so shi, jama'a, so na gaske. Da La'asar ta yi zan yi wanka, in ɗora lafayata ruwan goro a kan kwandon turare har ta sha hayaƙi, in shafa humra a wuya, in sa awarwaron Inna na azurfa, in zauna ina jiran ƙararrawar keke. A zaure muke hira, shi a kan tabarma, ni a bakin ƙofa ina wasa da gefen lafaya. Ba ya zuwa hannu rabbana, yau alawa, gobe kwalli, jibi ɗankwali. In bai samu zuwa ba sai ga Ya Kaka: "Ya ce a gaya miki awo ya riƙe shi, amma zuciyarsa tana Hausari." Ni kuma in ce, "Ki ce masa Hausari ba ta ajiyar zuciya, mai ita ya zo ya ɗauki abarsa." Ya Kaka ta tafi tana ƙyaƙyatawa.

Wata rana ya gyara zama ya ce, "Gumsu, akwai maganar da zan ba ki ki kai wa Baba. Kin san ni da shi yanzu sai gaisuwa daga nesa."

Gaskiya ne. Tun da aka san abin da ke kawo shi, Baba da ya ji ƙararrawa sai ya ba ƙofa baya ya duƙufa kan zuga-zugi, shi kuma Malam ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya ya durƙusa ya gai da ƙeyar Baba. Kunyar surukai ke nan, ba mai kallon idon wani.

"Injin nan da yake ƙerawa yana da mai shi."

"Mai shi ai wanda ya saya."

Ya yi murmushi. "A wurin Turawa ba haka ba ne. Wanda ya fara ƙago abu sai ya yi masa rajista a Ingila, a kawo takardar Ikko a buga mata hatimi. Daga nan duk wanda ya ƙera irinsa ba izini, ko da ƙarfensa ne da gawayinsa, kotu za a kai shi. Ba ta alƙali ba, ta Turawa, can Jos."

"To fartanya fa, wa ya yi mata rajista?"

"Fartanya ta tsufa, ta kowa ce. Wannan sabo ne."

Gabana ya faɗi. Ya ce in kwantar da hankalina, abin yana da hanya. Ba a zama ɗaya ya faɗe ta duka ba, kaɗan-kaɗan yake ba ni tsakanin alawa da hira, ni kuma in kwasa in kai maƙera. Ya ce ɗan tsanin nan Baba ya daina zana shi tun yau, don shi kaɗai ma ya isa laifi. Ya ce gyara ba komai, wanda ya sayi injinsa yana da ikon a ɗinke masa shi in ya karye, ƙera sabo ne matsala. Ya ce duk ƙarfen Turawa da aka kawo mai jerin lambobi a jiki, kada Baba ya kwaikwaya sai ya nuna wa wanda ya iya karatu ya duba ko mai rajista ne, in kuma dole sai shi, to a je a nemi izinin masu shi a yi yarjejeniya. Babbar maganar kuma ita ce ba injin gaba ɗaya aka yi wa rajista ba. Kwami da rariya da hannu, waɗannan duk tsoffin dabaru ne. Haƙoran ƙarfen nan da notinsu su ne na Mai Tsani.

"In Baba ya samo wata hanyar murje gyaɗa da ba wannan ba, ba mai taɓa shi. Ko Gwamna."

Ina so ku riƙe wannan: a duk abin da ya faɗa ɗin nan babu ƙarya ko ɗaya. Shi ya sa abin yake ci na.

Da na kai wa Baba, ya daɗe yana juya awartaki a hannu. Baba ba ya kiran sunana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, yaron nan ɗan halak ne. Da wani ne sai ya yi shiru ya bar ni na faɗa rami." Daga ranar ya daina ƙera na kamfani. Masu jakuna suka yi ta zuwa suna komawa da ɓacin rai, Kawu ya yi ta mita, Baba bai kula ba. Ya gwada wannan ya watsar, ya gwada wancan ya watsar. Rannan ya dawo daga tasha da guntun tsohuwar tayar mota a kafaɗa, muna ta yi masa tsiya. Ya sassaƙa kututturen kirya, ya naɗe shi da tayar, a maimakon noti ya sa ɗan itacen da ake cusawa a zare. Aka zuba gyaɗa, Inna ta ja hannun. Wallahi tsaba ta riƙa zubowa jajir, lafiyayya, da ƙyar ka ga karyayya. Baba ya yi dariya har na ga gurbin haƙorinsa na gefe, wanda ba kasafai ake gani ba.

Jakuna suka dawo, har da na mutanen da ba mu taɓa jin sunan garinsu ba. Na kamfani kuwa suka zauna a kanti suna tsatsa.

Na tambayi Malam, "To shi ma Baba a yi wa nasa rajistar mana."

"A nan ba a yi. Sai abin da aka riga aka yi wa a Ingila."

"Wato su su hana mu nasu, mu ba mu iya hana su namu?"

"Haka dokar take." Ya kawar da kai yana kallon kekensa. A lokacin na ɗauka takaici ne ya kama shi.

Aka kawo goro, aka sa rana bayan kaka. A zuriyarmu ta maƙera akwai abin da muke kira ƙirar suruki. In za a aurar da 'yar gida, ango zai faɗi abu ɗaya da yake so, uban yarinya ya ƙera shi da hannunsa, ba ɗan ƙira, ba mataimaki. Ya buga masa shaidar gidanmu a inda kowa zai gani, mata su ɗauka da rana tsaka da guɗa su kai gidan ango. Ba a karɓar ko sisi, kuma ba a cewa a'a. Maƙerin da ya mayar da roƙon suruki kamar ya ce 'yarsa ba ta kai ba ne. Wasu takobi suke cewa, wasu gatari, wasu akwatin ƙarfe. Ni na riga na gama tsarawa a raina zai ce gado.

Ranar da zan ji abin da ya zaɓa na yi sabon kitso, lalle ya kama ƙafata har ya yi baƙi. Na ce, "Malam, Baba yana jiran ka faɗi ƙirarka."

"Injin gyaɗa nake so. Baffana na Gadaka shi ya riƙe ni, gonarsa babba ce, ina so in faranta masa."

"Wannan ai mai sauƙi ne, ga su nan jingine."

"Ba mai taya ba. Irin na kamfani, mai haƙora da noti."

Na ɗago na dube shi, abin da ban saba yi ba. "Ba kai ka ce kada a sake ƙera shi ba?"

"Na sayarwa na hana. Wannan kyauta ce, cikin gida, daga hannun suruki zuwa hannun suruki. Tsoho ne, irin wancan ya saba da shi, ba ya yarda da sabon abu." Ya yi ƙasa da murya. "Kuma Gumsu, a garin nan wa ke kai wa kamfani labari in ba ni ba? Ni zan kai ƙarar uban matata?"

Uban matata. Kalmar nan ce ta tafi da ni, ba na ɓoye muku.

Na sami Baba yana kaɗe toka. Na faɗa masa. Ya tsaya cak.

"Shi ya ce, Uwata?"

"Shi ya ce."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Baba."

Sai ya ce, "To. Wanda ya nuna mini ramin ai ya fi ni sanin inda yake." Ya ƙera shi, kuma bai taɓa yin aiki mai kyansa ba. Haƙoran nan a jere reras, notin yana juyawa kamar an shafa masa man shanu. A gefe ya buga shaidar gidanmu, ɗigo uku da jinjirin wata, manya, ko makaho ya shafa zai san na Zarami ne. Matan Hausari suka ɗauka ranar kasuwa, guɗa har bakin tasha, duk garin ya gani. Ni ina cikin ɗaki ina leƙe ta jikin asabari, ina jin kaina ya yi girma.

Ya Kaka ce ta fara jiyo ƙamshin abin. Tana cin kasuwar Gadaka, sai ta ce bari ta biya gidan baffan ango ta yi musu barka ta karɓi ɗan tukuicinta. Ta dawo ba ko sallamar kirki, ta zauna a kan turmi ta ce a ba ta ruwa.

"Hadijatu," ta ce da Inna, "matan gidan nan a turmi na tarar da su suna dakan gyaɗa. Na ce ina injin surukai? Suka ce wane inji? Tsohon ma gonarsa ba ta kai tsakar gidan nan ba."

Inna ta ce, "Wataƙila bai kai ba tukuna."

"Ya kai. Da na sauka daga mota na bi ta bayan kantin Mai Tsani, ƙofar sito a buɗe. Ga shi can a kan tebur, an ɗaura masa wata 'yar takarda a wuya kamar akuyar sayarwa."

Ba mu gama haɗiye wannan ba sai ga masinja da sammaci. Kamfanin Mai Tsani ya yi ƙarar Zarami maƙeri a kotun Jos, ya ƙera abin da ba nasa ba bayan an gargaɗe shi. An gargaɗe shi. Kun ji fa. Duk hirar nan ta zaure, da alawa da kwalli, ashe gargaɗi ake yi mana a gaban shaida, kuma ni ce shaidar. Baba ya miƙe. Ya shiga maƙera ya ɗebi ruwan da yake tsoma ƙarfe ya kwara wa wutar, ya fito ya zauna a gindin bango.

Kuna tsammani Malam zai ɓuya? Da La'asar sai ga ƙararrawa. Na fita da zanen da ke jikina, ko ɗankwali ban gyara ba.

"Ina baffanka na Gadaka?"

"Zauna mu yi magana, Gumsu."

"A tsaye ma ina ji."

Ya sauke ajiyar zuciya, wai shi ne abin tausayi. Ya ce tun da mai taya ya fito kamfani bai sayar da inji ba. Sabon Baturen da aka kawo, wanda muke kira Mai Lofe, ya ce ko dai a san yadda za a yi da maƙerin nan ko a sami wani akawun. Mai taya kuwa doka ba ta kama shi, shi da kansa ya tabbatar da haka.

"Sai ka sa aka ƙera wanda doka ke kamawa."

"Ki saurara mana. Ba wanda zai je Jos. Baba ya zo kanti ya dangwala yatsa cewa ya bar ƙera injin gyaɗa kowane iri, ya ba kamfani mai tayar nan su aika Ingila, shi ke nan a janye ƙara. Ya koma fartanyarsa da gatarinsa. Ni kuma za a mayar da ni Kano babban akawu. Gidan siminti za ki zauna, da famfo a tsakar gida."

"Su aika Ingila su yi masa rajista."

Ya sunkuya yana gyara agogonsa. Na ƙara matsowa.

"Tun ranar kunu ka shirya wannan?"

"Ranar kunu aiki ya kawo ni. Daga baya na so ki, kuma har yanzu ina son ki. Wallahi ina son ki."

Abin haushi, na san ba ƙarya yake ba. Mutum ya so ka, kuma ya yanka ka, ya zo yana mamakin me ya sa kake zubar da jini.

Na ce, "Baturen naka ya san ƙirar suruki ce? Ya san kai ka roƙa?"

Nan fuskarsa ta canza. "Na ce masa a kasuwa aka saya. Ba sai ya san sauran ba, kuma ki bar maganar nan a zauren nan."

Na juya na shige gida. Amma na ji abin da na ji. In ma'aikacin kamfani ne ya roƙi abu da bakinsa, aka yi masa kyauta, da wane ido kamfanin zai tsaya gaban kotun Jos ya ce an cuce shi? Ban yi boko ba, amma na ga tsoro a idon akawu.

A cikin gida kuwa da na kwashe maganarsa na faɗa musu, sai aka taru a kaina. Kawu Bubayaro ya ce, "Na ji muryarki tun daga waje. Ke wa ya gaya miki ana faɗa da wanda ke riƙe da wuyanka? Jos fa aka ce. Wa muka sani a Jos? Su kwashe uwar maƙera da masaba su yi gwanjonsu, ke ce za ki ciyar da gidan?"

Inna tana share hawaye da gefen zane ta ce, "An sa rana, Gumsu. Duk garin nan ya ji guɗa. In wannan ya tafi wa zai zo? A ce 'yar maƙera ce, kuma an fasa aurenta. Ya yi laifi, na sani, amma namiji ne, aikinsa yake karewa."

"Inna, Baba fa?"

"Babanki ya yi shekara da shekaru yana ƙera fartanya bai mutu ba."

Sai Baba ya yi magana daga gindin bango, karon farko tun zuwan masinja. "Mai tayar nan nawa ne. Ban gani wurin kowa ba, Allah ne ya ba ni. Gobe zan je in gaya wa Baturen ba na dangwalawa, in Jos ce mu je Jos." Ya juyo ya dube ni. "Sai fa in Uwata tana son auren nan har yanzu. In tana so, inji ba komai ba ne. Uwata, kina son sa?"

Ku gaya mini, wace 'ya ce za ta dubi ubanta ta amsa wannan? In ce e, na kashe shi. In ce a'a, ga Inna da Kawu sun zuba mini ido, ga kuma wata banzar zuciya a ƙirjina da ba ta gama jin abin da kunnena ya ji ba. Na sunkuyar da kai na shige ɗaki. Na ce a raina ba sai na yi magana ba, gobe aikina zai amsa masa.

Da hantsi na shirya. Na ce ba zan tsaya gaban Bature kamar mai bara ba, 'yar Zarami ce ni. Na ɗauko lafayar da aka ajiye don biki, shuɗiya mai zaren azurfa a baki, na sa murjanin Inna, na zizara kwalli. Na fita ta ƙofar baya ban gaya wa kowa ba.

Kantin cike yake da masu awo da masu sayen gishiri da kananzir. Mai Lofe yana bayan dogon tebur, jajir da shi, gajeren wando, lofen a baki. Na ratsa mutane na tsaya a gabansa na gaishe shi. Ya ce, "Sanu, sanu." Iyakar Hausarsa ke nan, sai ko madalla. Na ce ina da magana. Ya ɗaga hannu alamar in dakata, ya juya ya ƙwala kira cikin ofis.

Wa zai fito in ba Malam Abdulsalam ba. Duk tunanin da na yi, ban tuna cewa Baturen nan ba shi da kunne sai na Malam ba.

Ya dube ni tun daga murjani har lalle. Ya ce a hankali, "Faɗi, ina ji."

Na faɗa. Ban rage komai ba. Na ce injin da ke sitonku ba a kasuwa aka saye shi ba, ƙirar suruki ce, wannan da ke tsaye shi ya roƙa da bakinsa, ya rantse kyauta ce ta cikin gida. Na ce Babana tun da aka gaya masa doka bai sake taka ta ba sai da akawunku ya sa shi. Na ce matan Hausari duka shaida ne. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Na kusa da mu suka yi tsit, sai dai ba wanda ya tanka, kowa gyaɗarsa tana kan sikelin kamfani.

Malam ya juya ga Baturen ya yi magana. Gajeriya ce, ba ta kai rabin gaisuwa ba. Na ga fuskar Mai Lofe ta washe. Ya cire lofe, ya kama hannun Malam yana girgizawa yana dariya, ya juya ya jawo turmin atamfa daga kan kanta, mai ruwan ganye da furanni, ya ɗora mini a hannu. Hannuna ya karɓa kafin hankalina ya iso, haka aka tarbiyyantar da mu, babba ba ya miƙo abu ka bar shi ya faɗi.

"Amariya," in ji Baturen, yana jin daɗin sabuwar kalmarsa. "Madala, amariya."

Sai a lokacin na gane abin da aka ce na ce.

Na buɗe baki, sai na ga idon Malam ya wuce ni ya tafi ƙofa. Na waiwaya. Baba ne tsaye da rigarsa ta Juma'a, Kawu a bayansa. Ban san tun yaushe suke nan ba, amma na san maganata ba ta kai kunnensa ba, don fuskarsa babu fushi. Ya dubi lafayar biki a jikina, ya dubi murjani, ya dubi atamfar da ke hannuna da Baturen da ke ce mini amarya. Ya gyaɗa kai a hankali, ya yi mini ɗan murmushi irin wanda yake yi in na kawo masa kunu.

"To, Uwata, na ji amsarki. Allah ya sa albarka."

"Baba, ba haka ba ne, tsaya ka ji..."

"Ba komai, kada ki ji kunya." Ya matso gaban tebur yana naɗe hannun rigarsa, bai dubi surukinsa ba. "Ku tambaye shi ina tawadar."

Malam ya riga ya buɗe ta. Baba ya miƙa babban yatsansa, ni kuwa hannuwana biyu suna cike da atamfar Bature.